Randar Balki

Jama'a, abin da zan ba ku ni ya faru da ni, ba ji na yi a tasha ba, kuma na rantse da wanda raina ke hannunsa ban ƙara gishiri ba, gishirin da ke ciki ma ya isa. Shekarun baya ne, ina karantarwa a Kwaya, saura kaɗan in ajiye alli.

Cikin duk yaran da na karantar babu wadda nake tunƙaho da ita kamar Balki, 'yar makiyaya daga wani ƙauye wajen Dungas. Yarinyar da sai da na yi sawu bakwai gidansu kafin ubanta ya bar ta ta shiga lakwal, wato makarantar boko, ita ce yau Dakta, mai binciken tekun can ƙarshen duniya inda ƙanƙara ke rufe ruwa. Mu malaman lakwal Mushe ake ce mana. Na taɓa tambayarta wai me take yi a can, ta ce, "Mushe, jan guga ne kawai. Mu zura kwalabe ƙasan teku, mu jawo, mu auna sanyi da gishiri." Jan gugan nan kuwa shekara ashirin tana yinsa, ɗalibanta sun zama daktoci, masana na kafa hujja da rubutunta, ni ko ko gaisuwa aka yi da ni a kasuwar Magariya sai na san yadda na sako sunanta.

Ran nan da hantsi, tsakiyar bazara, mijinta ya kira ni a waya. Wai ƙanƙara ta datse jirgin ruwan su Balki, yau kwana goma sha biyu babu labari, in je in shirya zuciyar tsohuwarta tun kafin ta ji a bakin duniya. Innalillahi! Na hau moto ina tafe ina tsara magana, duk wadda na tsara sai ta rushe.

Na iske tsohuwar, Inna Hajo, a gindin bishiyar bedi tana gyaran ƙwarya. Muka gaisa, na buɗe baki ke nan ta ɗaga hannu.

"Haba Mushe, yaushe aka fara magana baƙo bai sha ruwa ba?"

Ta shiga ɗaki ta ɗebo a moɗa daga wata 'yar randa da ta keɓe. Ashe al'adar gidansu ce, in ɗa ya yi tafiya sai a ajiye masa randa da sunansa, a turara ta da kajiji, ba a barinta ta ƙafe har ya komo.

Na kafa kai na kurɓa. Wayyo haƙorana! Sanyi ya soke ni har ƙwaƙwalwa, ga gishiri kamar an jiƙa kanwa, na duba moɗar sai ga ɓarɓashin ƙanƙara na yawo a sama. Ku tuna fa, ƙauyen nan ko fitilar lantarki babu, rana kuwa ta narkar da mutum balle ƙanƙara.

Tsohuwa ta dube ni tana dariya. "Ka ji shi ko? Kwana goma sha ɗaya yana daskare, moɗa ba ta shiga, ni ko abinci ba ya shiga. Jiya da walaha na ji ƙas, ya tsage. 'Yata ta fita, Mushe. To, me ke tafe da kai?"

Na haɗiye labarina tare da ruwan. Na ce gaisuwa ce kawai. Ta cika ni da fura da nono, na sha ina murna ina tsoro, don in randa ta yi ƙarya ni ne na ci amanar aike.

Kwana biyu ina zullumi, sai ga waya, mijin na ihu kamar yaro. Jirgi ya kuɓuta, kowa lafiya, na'urar sadarwarsu ce ta lalace. Na tambayi ranar da ƙanƙarar ta sake su. Ranar da tsohuwa ta faɗa ce. Wallahi rawa na taka a tsakar lakwal, da furfurata.

Da kaka Balki ta zo, aka yanka rago, aka yi guɗa. Na ja ta gefe na kwashe mata komai, ina jiran ta yi mini dariyar masana. Ba ta yi ba. Sai ta ce, "Mushe, duk kwanakin nan ba mu daina aiki ba, ta wata kafa a jikin ƙanƙarar muke zura kwalabe. Kullum in na buɗe ta can ƙasa, ƙanshin kajiji nake ji. Ni kaɗai." Awon da ta yi a wannan tafiyar shi ya fi ɗaga sunanta, amma zancen kajijin ba ta rubuta ba, ta ce abin da ba shi da ma'auni ba ya shiga takarda.

Ni dai har yau ban san me na sha ba, kuma in na tuna sai tsigar jikina ta tashi ko da rana tsaka. Shawarata gare ku, in an aike ku da mugun labari wurin uwa, kada ku yi gaggawa. Ku bari ta fara magana, wataƙila ta riga ku sani.