Gwaggo Laraba da Tauraron Gwangwani

Ku da kuka zauna da Gwaggo Laraba a gidan haya na Iya Sikira, can bayan layin dogo a Agege, kun san ba kalanda ke gaya mana Disamba ta kama ba, ƙarar sakata ce. Ran ɗaya ga wata da hantsi za ta rufe ƙofa, ta ja taga, ta cusa tsumma a ramin makulli, sannan ta zaro ɗan makullin da ke rataye a wuyanta ta buɗe akwatin kayan Kirsimeti. Ni da nake 'yar ƙanenta, muke kwana ɗaki ɗaya tun da na zo Legas ɗinki, sai ta ce in juya baya.

"Gwaggo, ni ce fa, Saratu."

"Na san ke ce. Shi ya sa."

To me ke cikin akwatin nan? Zinariya? Ina! Sarƙoƙin takarda ne ja da kore da suka koɗe, da katunan gaisuwa tun na zamanin sule da sisi, da balan-balan da ake kwance wa baki a ninke saboda baɗi, sai curin auduga da take yayyafa wa reshen itacen da ta kafa a bokitin yashi. Haka ta ga matar Bature tana yi a mishan tun tana yarinya. Amma fa in an gama jera su, aka kunna fitilar ƙwai, ɗakin nan ɗaya tak yakan koma kamar kana ƙauye, har mutum ya manta da hon ɗin motocin hayar danfo.

Dokarta guda ce, kuma kun sha jin ta: "Mai yabo shi ne mai ɗauka." Akwai shekarar da Mama Fasto da kanta ta kawo ziyara, ta tsaya gaban igiyar katuna ta ce, "Kai, Mama, wannan mai tumakin ya yi kyau!" Gwaggo ta yi murmushi, ta ba ta cincin, ta raka ta har bakin titi. Tana dawowa ta hau ƙirga katuna, sau biyu. Da suka cika, na ce to, kin gani? Ta ce, "Yau kallon wuri ta zo yi."

Fenti kuwa bai taɓa hawa bangonta ba. Sai farar ƙasa ta garinmu, can kudancin Kaduna, irin wadda mata ke shafe ɗakuna da ita kafin biki. Ɗanjuma direban motar shanu ke kawo mata rabin buhu duk shekara. Sau ɗaya ya sauke, ta dangwala yatsa ta kai harshe, ta tofar.

"Wannan ba tamu ba ce. A hanya ka haƙo, wajen Jebba."

"Haba Mama! Na rantse..."

"Kada ka rantse, ɗana, kana da tafiya a gabanka."

Muka yi ta ba shi haƙuri. Bayan sati ya same ni a shago yana sosa ƙeya, ya ce mantawa ya yi, a Mokwa ya haƙo. Gari ɗaya kacal ta kuskure! Abin da ya lalata mu ke nan, don wani lokacin zarginta yakan faɗa daidai, daga nan kuma babu mai iya tanƙwara ta.

Shekarar da soja suka koma bariki, kowa na jin sabuwar duniya ta zo, na je kasuwar Mushin na sayo mata 'yan fitilun nan masu launi da ke kamawa suna ɗaukewa. Na jona, na ja baya ina jiran godiya. Ta daɗe tana kallonsu.

"Wa suke ƙyafta wa ido?"

"Gwaggo, haka aka yi su."

"Cire. Duk abin da ke ƙyafta ido a ɗakin mutane munafuki ne."

Duk wannan wasa ne in aka zo maganar tauraro. Marigayi mijinta, Baba Dauda, ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ya yanka shi da almakashi daga gwangwanin madara a Kirsimetinsu na farko a Legas, lokacin ko kujera ba su da ita. Ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo. Allah bai ba su haihuwa ba, hotonsa ɗaya da take da shi kuma ruwa ya cinye, saboda haka tauraron nan shi ne abin da ya rage mata na hannunsa. Ba ya kwana a akwati, wai ɓarawo akwati yake fara nema. Duk Janairu sai ta sake masa maɓoya: bana cikin matashin kai, baɗi cikin garin dawa. Ko ni ban taɓa sani ba sai an ciro shi.

Mutum ɗaya ke taɓa shi, Malam Isufu mai tebur a ƙofar gida, mutumin Tawa ta Nijar, dogo har yana sunkuyawa in zai shiga ɗaki. Shekara ashirin shi ke hawa benci ya rataye tauraron a saman ƙofa, ita kuma ta aika masa shinkafar Kirsimeti da kazar da shi ya yanka da hannunsa. In Sallah ta zo, cinyar rago tata ce. Laifinsa ɗaya, bakinsa ba ya shiru. Yana sauka daga benci sai ya ce, "Madam, wanga tauraro babu irinai har Faransa!" Ita kuma ta harare shi.

Sai shekarar dubu biyu, da gari ya ɗauki zafi, aka ce 'yan Arewa su yi ta kansu. Kun tuna. Ba a tambayar masallaci kake zuwa ko coci, Hausa kawai za a ji a bakinka. Muka kwashi abin da hannu ya iya ɗauka muka nufi barikin soja. Mun kai bakin titi Gwaggo ta ce ta manta maganinta, ta koma ciki, ta fito. Malam Isufu ya ce shi ba inda za shi. Iya Sikira, Allah ya saka mata, ta shigar da shi da teburinsa, ta kafa kujera a bakin ƙofa ta ce duk wanda ke cikin gidan nan ɗanta ne. Kwana huɗu muka yi a bariki, jinin Gwaggo ya hau, daga can sai asibiti, sati biyu ba ta san inda kanta yake ba.

Disamba ta zo, aka buɗe akwati, aka shafe bango, aka zo kan tauraro. Babu! Muka farke matashin kai, muka zazzage gari, muka ɗaga katifa. Gwaggo ta zauna a bakin gado tana lissafi da yatsu. Wa ya rage a gida da muka gudu? Wa ke yabonsa shekara ashirin? Na ce Gwaggo, ki ji tsoron Allah. Ta riga ta fita.

"Isufu, ina taurarona?"

"Wane tauraro, Madam? Wallahi ban gane shi ba tun bara."

"Na Faransa."

Ya miƙe tsaye, idonsa ya yi ja. Ban taɓa ganin dattijo ya ji kunya irin ta ranar ba, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci. Ya koma ya zauna. Kirsimetin nan ba shinkafa, ba kaza, saman ƙofa fayau. Sallah ta zo ya aiko da cinya, ta mayar. Ashana ma sai ta tsallaka titi ta sayo. Shekara guda cur, gaisuwa ba ta haɗa su ba, kuma na san abin yana cin ta, don ta daina waƙa in tana shara.

Disambar da ta biyo, muna tsakiyar shafe bango, sai ga sallama. Malam Isufu ne, da ƙunshin tsumma ɗaure da igiya kamar an kama ɓarawo.

"Madam, ni zan tahi gida ganin iyali, ban san ko in dawo ba. Ga daddawarki."

"Wace daddawa?"

"Wadda kika ba ni ranar gudu. Kika ce in ɓoye, kar in buɗe, kar in hwaɗa ma kowa, kar in kawo sai kin tambaya, don gidan ga cike yake da ɓarayi. Ba ki tambaya ba."

Gwaggo ta karɓa, ta hau kwancewa. Tsumma bakwai na ƙirga kafin gwangwani ya leƙo, da doguwar ƙafarsa. Ashe maganin da ta koma ɗauka ke nan, ciwo ya shafe mata shi daga kai. Malam Isufu ya leƙa, ya riƙe baki.

"La ilaha! Ni dai na yi mamaki, daddawa shekara guda ba wari."

Gwaggo ta dubi tauraro, ta dube shi, hawaye na bin farar ƙasar da ta ɓata mata kumatu. Na ce yau zan ji Gwaggo ta ba mutum haƙuri. Ta buɗe baki ta ce, "Ka buɗe, ko?"

"Madam!"

"To me kake yi a tsaye? Ga benci can."

Ya hau, ya rataye, ya sauko. Wannan karon bai yabi komai ba. Ita ce ta ce, a hankali, "Babu irinsa har Faransa." Ya ɗage tafiyarsa sai bayan biki, kaji biyu ya yanka, kuma da kanta ta ɗauki kwanon ta kai masa har tebur, ta durƙusa, abin da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba.

Kirsimetinta na ƙarshe ke nan. Da damina ciwon ya dawo, lokacin Malam Isufu ya komo daga Tawa. Ranar da ta ga alamar ba tashi, ta ce a kira shi. Ina zaune a gefenta, ni da na yi jinyarta wata uku, ta ciro makullin daga wuyanta ta tsallake hannuna ta miƙa masa.

"Gwaggo, ni fa?"

"Ke ban gwada ki ba tukuna. Duk ɓarayin gidan nan, shi kaɗai na gwada."

Jiya ɗaya ga Disamba ya zo da makullin. Ya rufe ƙofa, ya ja taga, ya ce in juya baya, haka Madam ke yi. Na juya, muna dariya, sai na ji dariyarsa ta sake murya. Ban waiwaya ba sai da ya gama share fuska.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Laraba nan ta zo. Ka yafe mata zarginta, tsoron rasa ɗan abin da ya rage mata ne. Ka sada ta da Baba Dauda, ka ba ta hutu a gidan da ba a rataya makulli a wuya. Amin.