Dada da Tururuwar Tsakar Gidanmu

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, Dada. Da na so in yi mata addu'a a ɗaki in yi shiru, sai a wajen wani suna na ji jikarta, wadda ko ganinta ba ta taɓa yi ba, tana cewa, "Ai kakar nan tamu da ta taɓu." Abin ya ƙona mini rai. Shi ya sa na ɗauki biro.

A gidanmu na unguwar Jekadafari a Gombe akwai gidan tururuwa a gindin katangar gabas. Duk Juma'a Dada takan zuba musu gero sadaka, kamar yadda tsofaffi da yawa ke yi a lokacin. Bambancinta shi ne ita ba ta zubawa ta wuce. Takan ja kujera ta zauna tana kallo. Ita ta nuna mini yadda suke fito da hatsinsu su shanya bayan an yi ruwa, da yadda suke ɗauke gawar 'yar'uwarsu su kai gefe. Ta yi imani suna sane da abin da suke yi.

Sai kuɗin mai ya ɓarke. Garin Gombe ya cika da kwano da bulo, kowa na jin kunyar ƙasa. Yayana Sabo, ma'aikacin gwamnati, ya ce zai shafe tsakar gida da siminti. Dada ta sa masa albarka, ta roƙi abu ɗaya, a bar gindin katanga.

"Haba Dada," in ji shi, "ƙwaro ne fa. Ƙwaro wane hankali gare shi?"

Ta ce, "Ka taɓa zama ka kalle su? To ni na zauna."

Ya bari ta tafi Kumo jinyar ƙanwarta, ya sa aka tuttula kananzir a ramin, aka cinna wuta, aka shafe. Ranar da ta dawo ko mayafi ba ta cire ba. Ta ɗauki taɓarya ta dinga dukan simintin nan har ya fashe, maƙwabta na leƙe ta katanga. Kafin magariba labari ya kai Tudun Wada: tsohuwa ta taɓu. Yaya bai ƙaryata ba, shi ma haka ya ce.

Daga nan aka janye mata. Matar da ake kira wankan jarirai da sasanta ma'aurata, sai aka daina aiko mata. In ta yi magana a taro, a yi ƙyafce. Bai sa ta fasa ba. Tururuwa ba su dawo ba, amma duk Juma'a tana zuba gero a fasasshen wurin, tsuntsaye na cinyewa.

Da za ta ga yau, da an ƙara kiranta mahaukaciya. Ko'ina an shafe, kowane ɗaki da gwangwanin feshi, yara ba su san gidan tururuwa ba sai a waya. Na ji an ce masu bincike ma yanzu suna gardama a kan ko ƙwari na da wani irin sani. Ni tela ce, ban san inda gardamar za ta tsaya ba, kuma ba na jiran su wanke mini uwa. Mace ta lura da halittar Allah shekaru, ta faɗi abin da ta gani. In wannan hauka ne, ban san me ake kira hankali ba.

Ba ta bar mini gida ko gona ba. Abin da ta bar mini magana ce guda, wadda na riƙe har yau saboda ta hana ni faɗinta. Wata Juma'a na ce mata, "Dada, ki daina mana, ai ba sa nan." Ta kalle ni da idonta garau.

"Na sani, Hauwa. Rayuka ne aka ƙone a gidana. Haƙƙinsu nake sauke wa yayanki, kada ya tarar da shi gobe ƙiyama. Kada ki gaya masa, zai ji nauyi."

Ki yafe mini, Dada, yau na faɗa. Allah Ya kai haske kabarinki. Yaya Sabo yana da rai, idonsa ya yi rauni, amma jikokinsa na karanta masa jarida. Su karanta masa wannan har ƙarshe.