Baba Ambulan

Ƙarfe bakwai yake isowa asibiti. Ya jingine kekensa, ya sauka ɗakin ƙasa inda injina ke gurnani, ya shafa kan tsohuwar kwamfutar da ke lungu. "Hajiya, an tashi lafiya?" Shekara ashirin da uku ke nan.

Aikinsa ba ya ganuwa. Kwamfutar ɗakin gwaji da ta ma'ajiyar jini da ta likitoci ba sa jin yaren juna. Tsohon tsarin da ke cikin Hajiya ne ke kai saƙo tsakaninsu, kuma taurin kai gare shi: kowane saƙo sai an naɗe shi kamar wasiƙa a ambulan, an cike kowane gurbi, in ba haka ba ya dawo da shi. Nan Baba ya samo laƙabinsa.

Bara wani injiniya ya kawo sabuwar manhaja mai sauri, ya ce a kashe tsohuwar.

"Baba, wannan ai sa'ar kakata ce."

"Ita kakar taka, ka jefar da ita ne?"

Aka yi dariya, aka bar tsohuwar da sabuwar su yi aiki tare na wata guda.

Wata Talata da hantsi Hajiya ta ƙi wani saƙo. Jini ake nema wa mai jego, amma babu lambar kati.

"Ka gani ko?" in ji injiniya. "Tura kawai, Baba."

Baba ya miƙe. Ya hau bene da gwiwarsa mai ciwo. A ɗakin haihuwa ya tarar da mata biyu masu suna ɗaya, jininsu daban. Sabuwar manhajar ta zaɓi ta gado na huɗu. Mai zubar da jinin tana gado na tara. Ungozoma ta rantse har an ɗauko ledar jinin da bai dace ba, zuwan Baba ne ya hana a saka mata.

Baba, kai ne ka hau benen nan. Matar ta koma gida da jaririnta, ba ta ma san kana duniya ba. Mai gadin gada, mun gode. Allah ya sa ka huta lafiya, ya sassauta wa gwiwa.

Masu tasowa, kafin ku tsinke tsohuwar waya, ku tambayi abin da take riƙe da shi.

Jiya Baba ya yi ritaya. Yau da safe an ji injiniya a ɗakin ƙasa, murya can ƙasa-ƙasa: "Hajiya, an tashi lafiya?"