Ranar da Aka Janye Igiya

Haƙar rijiya ita ce sana'ar maigidana. A Rawayya muke zaune, mu da mahaifiyarsa da nake kira Inna, a shekarun da ake ta maganar jirgin ƙasa zai iso Gusau. Da rani wani attajiri mai sayen gyaɗa ya kira shi ya haƙa masa rijiya a wani kango da ya saya a bayan gari.

Ashe wurin tsohuwar rijiya ce da aka cike. Ya yi nisa a ƙasa sai daginsa ya bugi tukunya. A cikinta akwai mundayen azurfa da murjani da zobban da suka yi baƙi. Bai taɓa ko ɗaya ba. Ya sa ta a guga, ya ce wa barorin attajirin su ja.

Ina cikin surfe maƙwabciyata ta shigo a guje, ta ce in zo, an hana mijina fitowa. Na tarar mutane sun kewaye ramin, igiya tana naɗe a ƙafar attajirin.

"Wanda ya binne wanga bai binne guda ba," in ji shi. "Gaya muna inda sauran suke."

"Ranka shi daɗe," maigidana ya amsa daga ƙasa, "abin da na gani shi na miƙo."

"To zauna nan har ka tuna."

Rana ta take. Na kawo ruwa a gora zan zura masa, wani bara ya sa ƙafa ya shure ta. In suka ji ya yi shiru sai su watsa masa ƙasa. Mutanen da ke shan ruwan rijiyoyin da ya haƙa suna tsaye suna kallo, wasu ma leƙawa suke yi suna ce masa ya faɗi a huta.

Da azahar barorin suka nufi gidanmu, ko da yake sun san tun safe bai fito daga ramin ba. Sun ce wai ya daɗe da gano wurin, yana kwasa a ɓoye. Suka farfashe daɓen ɗakina, suka fasa randa, suka zubar da geron rumbu a ƙasa. Daga nan suka zagaya bayan ɗaki, inda muka binne jaririnmu da damina. Inna ta kwanta a kan ɗan kabarin tana roƙonsu don Allah. Suka ɗauke ta kamar dami suka ajiye gefe, suka tona. Abin da muka binne, shi suka tarar. Ni na mayar da ƙasar da hannuna.

A ramin ya kwana. Da aka fito da shi washegari, leɓensa ya tsage, ba ya iya tsayuwa.

An kai maganar gaban alƙali a Bungudu. Ya ce humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, na baitulmali ne, saura na mai fili. Shi kuwa mahaƙi ɗan ƙodago ne, ba shi da komai a ciki. Ba wanda ya tayar da zancen igiya, balle na kabari.

Tun daga ranar bai sake shiga rijiya ba. Ko rumbu ba ya yarda ya leƙa. Muka koma Tsafe yana saran itace, amma labarin ya riga mu isa. In na ɗaura sabon zane sai mata su riƙa taɓa juna. In muka kwana da yunwa sai a ce ɓoyewa muke yi.

Da ciwon ajali ya kama shi, ƙanensa ya zo daga Nahuce. Na ji daɗi ƙwarai, don ya daɗe bai tako gidanmu ba. Ya ce in je in damo wa mara lafiya kunu. Ina bakin ƙofa na ji ya sassauta murya.

"Yaya, kai dai tafiya za ka yi. Gaya mini inda dukiyar take, kada ta lalace a ƙasa."

Maigidana ya juya fuskarsa bango. Bai ƙara yi wa kowa magana ba, har ni.

Da aka dawo daga maƙabarta, ƙanen ya ce in ɗan fita tsakar gida, zai gyara ɗakin. Ina zaune cikin masu gaisuwa muna jin ƙarar fartanya daga cikin ɗakin.