Ƙarshen da Na Ɓoye wa Gwaggo

Duk ranar Juma'a nakan rufe shagon ɗinkina a Bodinga in hau mota zuwa Shagari wurin Gwaggo, yayar babanmu. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta ras yake. Tun da na fara karanta mata wani littafin soyayya daga wayata, ko ruwa ba ta bari in sha sai ta tambayi inda muka tsaya.

Labarin wata malamar asibiti ne da wani direban motar albasa. Littafi na ɗaya da na biyu kowa ya yaba. Na uku ne ya raba kan guruf ɗinmu na masu karatu, don marubuciyar ta kashe direban a hanyar Kudu, wata biyu da ɗaura musu aure. Wata ta ce ta goge littafin daga wayarta, wata ta ce marubuciyar ba ta da imani. Abin da ya fi ba su haushi ma, an kawo wa matar labari tana wanke-wanke, ba ta yi kuka ba sai da ta ƙarasa ta kife kwanoninta. Ni kam na ce wallahi a nan rubutun ya yi rubutu. Kwana biyu muna ce-ce-ku-ce, ni da bakina da ba ya shiru, kuma da yawa sun dawo bayana.

Amma a gaban Gwaggo na kasa. Mijinta Malam shi ma a mota ya rasu, a hanyar kai albasa, tun ban yi wayo ba. Tausayi ya sa na tafka wauta: na riƙe waya kamar ina karantawa, ina ƙirƙiro nawa. Na kwantar da direba a asibiti, na warkar da shi, har 'yan biyu na ba su. Gwaggo ta yi ta sa wa marubuciya albarka.

Na manta ba ni kaɗai ke da waya a duniya ba. Ranar wani suna a maƙwabtansu mata suka ɗauko zancen littafin, Gwaggo ta kafe direba na nan da ransa, har da rantsuwa. 'Yan mata suka yi ta ƙunshe dariya, wata ta ce ai tsufa ne. Gwaggon da duk unguwa ke zuwa neman shawararta! Da labari ya iso ni, kunya kamar in nutse.

Juma'ar da ta biyo, da ƙyar ta amsa gaisuwata.

"Ke ɗiyar nan, ido na rasa, ba hankali ba. Karanta mani abin da anka rubuta."

Na karanta. Da na zo wurin wanke-wanken ta ɗaga hannu ta ce in maimaita. Na maimaita.

"Ran da anka kawo mani labarin Malam, daka nikai," in ji ta. "Ban aje taɓarya ba sai da gero ya yi laushi. Tun ran nan nike ganin ba a yi mace mai taurin zuciya irina ba. Ban taɓa gaya ma kowa ba. Ashe ba ni ɗai ba ce."

Ta ce in ci gaba. Na ci gaba, amma sai da na goge fuskar wayar da gefen mayafina.