Ƙafar Lawali ta ƙi girma

"Ba ni lamba 46," in ji Lawali. Mai kanti ya dubi ƙafarsa, ya dube ni.

Lawali abokina ne tun Zinder, injiniya a nan Lyon. Abokan aikinsa sun gayyace shi wasan wekbod, allon nan da mutum ke tsayawa a kai igiya na jan shi bisa ruwa. Ya ce shi ya fi ƙarfin haya, nasa zai saya. An zaɓi allo lafiya, sai aka zo kan takalman da ake ɗaurewa a jikinsa.

Mai kanti ya ce, "Ƙafarka 42 ce. Waɗannan dole su kama ƙafa gam."

Lawali ya juyo gare ni da Hausa: "Rabu da shi. Wa ke sayen takalmi daidai ƙafa? In ƙanena ya zo daga Paris, ai shi ma ya sa."

Shekararsa talatin da biyar fa, amma har yau sayayyar takalmin salla yake yi, irin wanda inna ke cusa wa takarda a gaba.

Ran Asabar a tafkin da ke kusa da Vaulx-en-Velin, igiya na fizga, Lawali ya tafi, allo da takalma suka tsaya inda suke. Sau uku yana shan ruwa gaban shef ɗinsa, wato shugabansa na wurin aiki. Da ya fito yana tari, wai laifin safa ne, bai sa biyu ba.

Difloma ta shiga kai, amma "zai girma a ciki" ta ƙi fita. Ku faɗi gaskiya, me kuka saya bana kuna jiran jiki ya cika shi?