Malama Christiana da Tukunyar Ikko

Tun kafin a kaɗa ƙararrawa za ka hango ta tafe daga Dutsen Kura, laima a hammata, ƙunshin yumɓu a hannu. Ta share ajinta da kanta, ta jiƙa yumɓun, sannan ta tsaya bakin ƙofa tana duba farcen kowa. Haka Malama Christiana ta yi ta koyar da aikin hannu a firamarenmu ta Minna, har bana da ta ajiye aiki. Ni ɗalibarta ce, kuma akwai maganar da ta daɗe tana cin raina.

A shekarar 1963 ta ƙudurta sai ta kai ajinmu babban gidan ajiye kayan fasaha na Ikko. Ita kanta ba ta taɓa zuwa ba, a hoto kawai take gani. Iyaye kuwa suka ce ba su san zancen ba. Malam Mamudu tela ya ce mata, "Malama, gidan gumaka za ki kai mana 'ya'ya?" 'Yan coci ma abin da suka faɗa ke nan. Ta bi su gida-gida, har gonakin doya a Garatu, tana bayanin cewa aikin hannun kakanni ne za a kalla, ba bauta za a yi ba. Da ƙyar suka yarda, da sharaɗin wata dattijuwa za ta raka mu. Aka zaɓi Inna Halimatu ta Garatu mai ginin tukwane, wadda ko jirgin ƙasa ba ta taɓa shiga ba.

Shiri kuwa, ba a magana! Malama ta jera tukwane a kan benci, ta sa mu riƙa zagayawa hannuwa a baya. A wurinmu ai ba a yaba tukunya sai an ƙwanƙwasa an ji amonta, to wannan ɗabi'ar take son raba mu da ita. Duk wanda hannunsa ya kuɓuce sai ta ce, "Kai Yisa, wannan tuwon da ido ake cin sa!" Ta hore mu tsaf. Amma wa zai dubi sa'ar uwarsa ya ce ta sa hannu a baya? Kunya ta hana Malama.

Jirgi ya bi da mu ta Zungeru, muna cin dafaffiyar doya da ƙuli, muna waƙa har murya ta dishe. Kai, Allah ya maimaita irin waɗannan kwanaki!

A ɗakin farko akwai wata babbar tukunya mai zane tun daga wuya har gindi. Inna ta ce, "Tubarkalla!" Ta lanƙwasa yatsa, sai ji muka yi ƙwal-ƙwal. Mai gadi ya taso a fusace, ya ce dukanmu mu fita. Malama ta yi ta roƙonsa da Turanci, har da durƙusawa, sannan ya sassauta: tsohuwar kaɗai za ta fita, wani ma'aikaci ya zaga da yara.

Inna ba ta jin Turanci, ba ta jin Yarbanci. Da ta ga Malama ta biyo ta waje, sai ta ce, "Shiga abinki 'yata, ni na jawo."

Malama ta ce, "Haba Inna, in bar ki ke kaɗai a titin Ikko? Me zan gaya wa mutanen Garatu? Taso mu sha inuwa."

Mu muka sha kallo har aka tashi, su suna gindin bishiya a waje. Washegari jirgi ya juyo da mu. A hanya Malama ta riƙa kiran mu ɗaya-ɗaya: "Me kika gani? Da tagulla aka yi ko da itace?" Ta lumshe ido tana saurare. Ba ta taɓa kai ƙarar Inna ba, Inna ce da bakinta ta baza labarin a gari.

Malama, ke ce kika yi shekara kina shirya tafiya, kika tsaya a ɗakin farko don kada tsohuwa ta ji ta zama kaya. Uwar aji, mun gode, Allah ya saka da alheri. Malaman yanzu, ga abin koyi: a kai yara su gani, ko da mutum shi bai samu gani ba.

Ni da Yisa mun gama shawara, hutun nan za mu kai ki Ikko. Ki shiga ki kalla har ki gaji, Malama, mu za mu riƙe miki laima a waje.